Sharhi: Cajin motar lantarki a Dubai, araha ga mai gida, tsada ga ɗan haya

Shekaru huɗu da ƴan watanni aka yi ana cajin mota kyauta a Dubai. Daga Satumban 2017 zuwa ƙarshen 2021, duk mai motar lantarki ta kansa da ya yi rajista da hukumar wuta da ruwa ta birnin, DEWA, yana iya jona motarsa a tashoshin gwamnati ya cika batir bai biya ko sisi ba. Wannan zamanin ya wuce, amma labarinsa bai wuce ba. Har yau ana jin sa a bakin dillalan motoci da cikin hotunan bidiyon da ke yawo a TikTok da WhatsApp, yana isa kunnen matasan Maraɗi da Damagaram da Tawa masu shirin tafiya neman aikin tuƙi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Lokacin da aka fara karɓar kuɗi a 2022, farashin bai fi fils 29 kan kowane kilowat ba, kuma fils 100 ne dirhami ɗaya. A 2024 majalisar ministocin ƙasar ta tsaida farashi na bai-ɗaya, wanda ya kankama tsakanin ƙarshen shekarar da farkon 2025: fils 70 ga caji mai jinkiri, dirhami 1 da fils 20 ga caji mai sauri, ban da harajin kashi 5 cikin ɗari. Ke nan mai buƙatar caji mai sauri yana biyan ninki huɗu na abin da ake biya shekaru uku kafin nan. Ga mai lissafi da kuɗin gida, dirhami ɗaya yana kai-komo tsakanin sefa 150 da 170.

Hukumomin ƙasar suna da hujjarsu. Dubai ta fara da tashoshin caji 100 a 2015, amma zuwa ƙarshen 2023 motocin lantarki a birnin sun kusa 26,000, kuma gwamnatin tarayya na fatan rabin motocin da ke kan titunan ƙasar su zama na lantarki kafin 2050. Babu gwamnatin da za ta ciyar da wannan adadin kyauta har abada, kuma babu ɗan kasuwar da zai zuba jari ya kafa tasha alhali ta gwamnati na ba da wuta a banza. Farashin ne ya buɗe ƙofa ga kamfanin UAEV da aka kafa a 2024 da burin samar da na'urorin caji 1,000 kafin 2030, da kuma tashoshin da kamfanin mai na ADNOC ke ƙarawa a gidajen mansa. Ta wannan fuskar, karɓar kuɗi daidai ne.

Matsalar ita ce nauyin bai faɗa kan kowa daidai ba. Mai gida na kansa da garejin ajiye mota yana jona ta da dare ya kwanta, DEWA ta caje shi da farashin wutar gida, wanda ke tsakanin fils 23 da 38 gwargwadon yawan shan wutarsa, da ɗan ƙarin kuɗin mai da haraji. Direban da ke kwana da mutum biyar ko shida a ɗaki ɗaya a unguwar Deira, ko wanda tsadar haya ta kora zuwa Sharja ko Ajman, ba shi da gareji, ba shi da mitar wuta da sunansa, sau da yawa ma a bakin titi motar ke kwana. Wannan dole ya nemi tashar jama'a. Kuma tun da lokacinsa shi ne jarinsa, ba zai iya zaman awa biyar ko shida a kan caji mai jinkiri ba, sai ya bi mai sauri, wanda ya fi kowanne tsada.

Lissafin ba shi da wuya. A zafin yankin Gulf, inda bazara ke haura digiri 45 kuma na'urar sanyaya mota ba ta hutawa, ana iya ƙiyasta kilowat 20 ga kowace tafiyar kilomita 100. Direban da ke cin kilomita 300 a rana, kwana 26 a wata, zai sha kilowat 1,560. A caji mai sauri, kuɗin ya kusa dirhami 2,000 a wata. A caji mai jinkiri, kimanin 1,150. A gida kuwa, wajen 600. To, ita motar esansi fa? A cikin 2025 litar esansi a ƙasar ba ta kai dirhami 3 ba. Idan aka ɗauke ta a dirhami 2 da fils 60, motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci kimanin dirhami 1,600 a wata, mai haɗa esansi da batir irin Camry da ƴan tasi ke ja kuwa wajen 1,000. Abin nufi, direban da ya dogara kacokan ga caji mai sauri yana iya kashe fiye da abin da mai motar esansi ke kashewa, ga kuma rabin awa ko awa guda da zai ɓata a tasha, idan ma bai tarar da layi ba.

Gaskiya ne motar lantarki ba ta buƙatar juyen mai, birkinta na daɗewa, kayan injinta ba su da yawa. Wannan ragi ne na gaske, kuma ga mai caji a gida ribar a fili take. Sai dai ragin ba ya cike giɓin dirhami dubu a wata, kuma zafi da yawan caji mai sauri suna saurin gajiyar da batir, wanda shi ne mafi tsada a jikin motar.

Abin ya shafi baƙin haure kai tsaye domin su ne ke riƙe da sitiyarin tasi da motocin haya a Dubai. Hukumar sufurin birnin, RTA, ta tsara cewa kafin 2040 duk tasi da motocin haya na alfarma su zama marasa hayaƙi, don haka kamfanoni sun riga sun fara sauya motocinsu. A Dubai ba a yin Uber ko Careem da motar kai, sai a ƙarƙashin kamfani mai lasisi, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin direba da kamfanin ce ke faɗin wanda zai biya kuɗin caji. Wanda ya sa hannu bai karanta wannan layin ba, ya ɗauki nauyin da bai san girmansa ba. A ƙasar da bashin da aka kasa biya kan iya kai mutum kotu har a hana shi fita, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga yaron da aka sayar da gona ko awaki aka yi masa kuɗin biza.

Gyaran yana hannun ɓangarori uku. Hukumomin Dubai da Sharja da Ajman su ne ya kamata su kai na'urorin caji unguwannin ma'aikata, ba manyan kantuna da otel-otel kaɗai ba, su kuma duba rangwamen dare ga direbobin haya, lokacin da buƙatar wuta ke raguwa. Kamfanonin da ke cin ribar sauyin su ne ya dace su kafa caji a garejinsu, maimakon su tura direba ya yi ta gararamba da batir mai kashi 10 cikin ɗari. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna can kuwa, babu taimakon da ya fi su zaunar da sabon zuwa su karanta masa yarjejeniya kafin ya dangwala hannu.

Akwai darasi kuma ga ƴan kasuwar da ke sayo motocin hannu daga kasuwannin Al Awir da Sharja su turo gida. Idan a Dubai mai wadatar wuta wurin caji ne ke raba riba da asara, ina ga garuruwan da NIJELEC ke rabon wuta unguwa-unguwa a lokacin zafi? Ƴan Nijar ba su manta duhun da aka shiga ba a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mafi yawan wutar ƙasar. Motar lantarki na iya yin amfani ga mai faranti na hasken rana da batura a gidansa, amma wanda ya saye ta don ya ji an ce ba ta shan mai, ya sayi kaya ne bai tanadi wurin sauke su ba.

Tambayoyi uku sun ishi duk matashin da aka yi wa tayin jan motar lantarki a Daular: a ina za ta kwana tana caji, nawa ne kilowat a wurin, kuma wa zai biya? Idan amsar ta ukun ita ce direba, ta farkon kuma ita ce tashar bakin titi, to ya ɗauki biro ya yi lissafin wata guda kafin ya ce ya yarda. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma kiɗan cajin kyauta ya tsaya tun 2021.