A Duba Katantanwa Kafin A Yanke Wa Dodon Koɗi Hukunci

Da ruwan fari ya sauka a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, sai a ga dodon koɗi ya fito cikin gonaki da gefen dajin Falgore. Wasu manoma kan fashe shi da fartanya, wai shi ke kawo tsargiya. Wannan kuskure ne. Kama da wane ba wane ba ne, kuma katantanwar kowanne ita ke faɗin asalinsa.

Na tudu, wanda masana ke kira Limikolariya, da huhu yake numfashi. Katantanwarsa doguwa ce mai tsini, kamar tsawon ɗan yatsa, da zane ja-ja. In aka riƙe ta tsini sama, baki na duban mutum, sai a ga bakin a hannun dama. Da rani yakan shige ƙasa, ya liƙe ƙofarsa da majina, ya yi barci har damina. Yakan yi ɓarnar cin ƙananan tsiro a lambu. Maganin wannan kuwa a tsince shi da asuba a ba agwagi, a kuma zuba toka kewaye da fangali. Ba ya ɗauke da tsargiya ko kaɗan.

Mai laifin yana cikin ruwa. Sunansa Bulinus, girmansa kamar ƙwayar gyaɗa, bakin katantanwarsa kuwa a hagu yake. In mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen cutar su ƙyanƙyashe su shiga jikinsa su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. Akwai ɗan'uwansa mai katantanwa a naɗe kamar gammo, shi ke kawo tsargiyar hanji.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya zauna a ƙasar Bebeji rani da damina, haka kuma kududdufai da fadamun Kiru suna riƙe shi. Ruwa mai kwanciya da ciyawa shi ne gidan wannan ɗan ƙaramin mugu.

Saboda haka ya kamata malaman gona da masu unguwanni su tara katantanwa iri-iri su nuna wa jama'a bambancinsu. A nome ciyawar magudanan ruwa, a hana fitsari a bakin tafki. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa, kada a ce alamar balaga ce. A kai shi asibiti, akwai magani. Allah ya kiyashe mana da zuriya, amin.