Baƙaƙen da ke magana da kansu

Ƴan kasuwa masu kai wake da albasa Jibiya, Katsina ko Kano, ku saurara.

Baƙaƙen Ingilishi 26 ne, daidai da na Faransanci, amma kiran sunansu ya sha bamban. Wasu in an kira su, kalma ce sosai ke fitowa. T ana ce da shi "ti", wato shayi. B "bi" ne, ƙudan zuma. C "si" ne, teku ko gani. U kuwa "yu", wato kai ko ke. Shi ya sa samari ke rubuta C U cikin salula, ma'ana sai mun sadu. Ƴan lakwal ba za su yi mamaki ba: da Faransanci ma K7 aka riƙa rubutawa a madadin kaset.

Wannan duk wasa ne. Ga inda wasa ya ƙare: I O U. Ana karanta su "ai o yu", wato "kana bi na bashi". Takardar da ke ɗauke da waɗannan baƙaƙe uku shaidar bashi ce, kuma wanda ya sa hannu a ƙasa shi ake bi.

Saboda haka in ka ba da buhunanka bashi, mai saye ne zai sa hannu, takarda kuma ta zauna aljihunka. In aka miƙo maka ita aka ce dangwala yatsa, dakata tukuna. Nemi wanda ya iya karatu ya duba maka suna, yawan kuɗi da ranar biya.