Labarin Masu Shiga Rijiyoyin Duwatsu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in kawo wa 'yan'uwa masu karatu labarin waɗansu Turawa masu shiga ramummukan duwatsu, ba don neman kuza ko zinariya ba, sai don su san inda ramin ya ƙare. Sa'ad da na fara karanta labarinsu na ce aikin marasa abin yi ne. Yanzu kuwa na sassauta.

A kan iyakar Faransa da Sifen akwai jerin duwatsu da a ke kira Pirenis. Dutsen wurin irin na farar ƙasa ne, ruwan sama ya kan ci shi sannu sannu, har ya huda rijiyoyi a cikinsa. A 1950 wani Bafaranshe, Georges Lépineux, ya tarad da bakin ɗaya daga cikinsu a wurin da a ke ce da shi Pierre Saint-Martin. Zurfinta mita 320 ne, watau wajen ƙafa 1,050. Jama'a, ku tuna da rijiyar da ta fi kowace zurfi a garinku, kāna ku kwatanta.

Tsanin igiya ya yi wuya a irin wannan zurfi. Saboda haka wani masani mutumin Beljiyam, Max Cosyns, ya ƙera musu injin naɗe igiyar ƙarfe, da wayar tarho a cikin igiyar domin na ƙasa ya yi magana da na bisa. A kan ɗaura mutum a zura shi kamar guga, yana jujjuyawa cikin duhu, ruwa mai sanyin ƙanƙara yana zuba a kansa. A 1951 suka kai gindin lafiya, suka iske babban kogo da hanyoyin da suka yi gaba.

A watan Agusta 1952 suka komo. Bayan 'yan kwanaki a ƙasa, Marcel Loubens, mutumin da bai cika shekara 30 ba, ya ce a jawo shi. An fara ɗaga shi ke nan, bai yi nisa ba, sai ya faɗo ya gangara kan duwatsu a gaban abokansa. To, ga abin da ya tsaya mini a rai: igiyar ba ta tsinke ba. Ɗan ƙarfen nan mai noti wanda ya ke damƙe bakin igiyar, ya haɗa ta da ɗamarar mutum, shi ne ya saki. An yi shawara mai tsawo a kan inji, an auna ƙarfin igiya, amma ran mutum yana rataye ga abin da bai cika tafin hannu ba. Ni da na ke aikin akawu, wanda kullum a ke ce da shi ya sake duba lissafin da ya riga ya duba, na daina jin haushin wannan umurni tun ran da na karanta haka.

Loubens ya karye a ƙoƙon kai da ƙashin baya, bai ko farfaɗo ba. Sai da aka gyara igiyar, sa'an nan likita André Mairey ya yarda aka zura shi da ita, yana sane da abin da ta yi jiya. A ganina wannan ya fi dukansu zuciya, gama sauran sun shiga ne ba su san aibinta ba. Duk da haka fid da majinyacin ya gagara, domin rijiyar ba miƙaƙƙiya ba ce sosai, tana da matsattsun wurare da duwatsu masu turowa, mutumin da ba shi cikin hayyacinsa kuwa ba shi iya kāre kansa daga gare su. Bayan kamar sa'a 36 ya rasu. Abokansa suka rufe shi da duwatsu a can ƙasa.

Ba su bar wurin ba. A 1953 suka bi ruwan kogon har suka kai wani ɗaki mai girman gaske da a ke kira La Verna, a 1954 kuma suka sha wahala ƙwarai suka fito da gawar abokinsu, aka kai ta garinsu.

Daga baya masu wannan aiki suka bar dogara ga inji. Yanzu kowa shi ke sauke kansa, shi ke hawa da ƙafarsa a kan igiyar nailan, da waɗansu ƙarafa masu cizon igiya waɗanda ba su zamewa baya. Su kan kafa ƙusa a bango nan da can su sake ɗaure igiyar, don kada dutse ya goge ta. Da wannan dabara ne waɗansu Rashawa suka wuce zurfin mita 2,200 a kogon Veryovkina, cikin duwatsun Kokasas, a 2018.

La Verna kuwa an haƙa mata hanya ta gefen dutsen, tun 2010 baƙi su ke shiga da ƙafa suna kallo, ba mai ɗaura musu igiya.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu Mai Son Labari