Daga Zauren Malam: Ranar Gida a Hutun Hunturu

Hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe Kumasi, leɓe da ƙafa sai tsagewa suke yi, makarantu kuma sun tafi hutun ƙarshen shekara. Ranakun 25 da 26 ga Disamba hutu ne ga kowa a Ghana. Maƙwabtanmu Kirista suna shagalinsu, muna yi musu barka kamar yadda suke yi mana ranar Sallah. To, mu a zango me muke yi da waɗannan ranaku? Maigida ya fice majalisa, uwargida tana fama da tukunya, yara kuwa kowa ya rungumi waya.

Bara a gidanmu mun gwada wata dabara, mun ce rana ɗaya babu mai fita, babu Turanci, babu Twi, sai Hausa. Dalilinmu shi ne, Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ware don koyarwa a makarantu. Mu da muke tsayawa gaban allo muna ganin sakamakon: yaro yana jin Hausa, amma in an yi masa magana sai ya mayar da amsa da wani harshe.

Da abinci muka fara, domin nan ne hujjarmu ta fi ƙarfi. Bayan asuba aka dama koko da citta da kanumfari, aka soya ƙosai, yara maza su ne masu fifita wuta. Da rana aka dafa shinkafa da wake, aka jefa karan dafi da 'yar kanwa har ta yi ja. Sai autanmu ya ce, "Baba, ai wannan waakye ne." Muka ce masa ya sake faɗin sunan a hankali, ya ji ko wake yana ciki. Haka tuo zaafi da ake sayarwa ko'ina, tuwonmu ne mai zafi. Ya yi shiru yana mamaki. Daga nan hira ta kai mu ga fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro, da yadda yaƙin basasar 1892 ya watsa su zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi. Abin kunya, har manyan yaran ba su taɓa jin wannan labari ba, laifin kuwa namu ne.

Da la'asar aka haƙa gurabun dara, 'yan mata suka yi carafke.

Bayan isha'i ne aka yi ta ta ƙare. Kakarsu ta ƙi yin tatsuniya da rana, ta ce ba a yi, sai da aka kewaye kaskon wuta ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi. Kowane minti sai an tsayar da ita: "Kaka, mene ne gauraka?" Ta yi ta mita, amma mun lura ba ta so a tashi. Ita ce ma ta tambaya ko za a sake bana.

Ga masu niyyar gwadawa, a kula da kaskon nan. A bar shi a tsakar gida, kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kuma kashe mutum yana barci. A kashe wutar da ruwa kafin a kwanta.