A Mayar wa Mdou Moctar da Wutarsa

Tun ranar 28 ga Fabrairun 2025 da faifan Tears of Injustice ya fito, kunnena bai huta da magana guda ba: wai Mdou Moctar ya koma gida. Wai ya ajiye hayaniyar Turawa ya rungumi jitar katako, sai yanzu aka ji ainihin muryar hamada. Masu sharhin kiɗa na ƙetare suka fara rera wannan baiti, 'yan bokonmu da ba su da ra'ayi sai wanda aka aiko musu daga Landan suka karɓi amshi. Har wani mai gabatar da shiri na ji a rediyo yana cewa wannan faifan ne ya wanke na 2024. Ya wanke shi daga me, malam? Wane datti ka gani a jikin Funeral for Justice?

Ni masoyin ƙungiyar Mdou ne tun ba a san ta a Amurka ba, shi ya sa ba zan yi mata daɗin baki ba. Sabon faifan ba shi da laifi. Ana iya sa shi bayan isha'i a sha shayi, babu maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa. Amma waƙoƙin Funeral for Justice ne aka sake bugawa bayan an zare musu waya daga bango. Wanda ya san "Imouhar" ta asali ya san yadda take farawa can ƙasa-ƙasa, sai mutum ya miƙa hannu zai ƙara murya, kafin ya ankara ganguna da jita sun rufto masa gaba ɗaya. Wannan fashewar ita ce waƙar. Mutum ne yake yi wa danginsa tsawa kan harshen Tamashek da suke sakin sa yana zubewa. A sabon faifan kuwa sai ta miƙe tana tafiya a hankali, tana tafiya, har ta ƙare ba ta tsorata kowa ba. Haka "Oh France". A da tuhuma ce ake karanta wa Faransa a fuska. Yanzu ta zama koke, irin wanda mai laifi zai saurara yana gyaɗa kai yana cewa kai, muryar nan da taushi take.

Kuma wane gida ake cewa ya koma? A unguwar Brooklyn ta birnin New York aka naɗi faifan. Lokacin da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki da sararin samaniya, Mdou da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu da Souleymane Ibrahim mai ganguna suka maƙale a ƙasar mutane, hankalinsu na kan iyalansu. A cikin wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo tare da Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa musu bas. Faifan baƙunta ne, na mutanen da hanyar gida ta toshe musu. Idan an ji kewa a cikinsa, to daga nan ta fito, kuma ina girmama ta. Amma a ɗauki abin da aka naɗa a Brooklyn a kira shi komawa tushe, a kira wanda ya yi kama da abin da ake bugawa kowane mako a Agadas kwaikwayon Turawa, wannan sai wanda bai taɓa taka ƙasar Abzin ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bikin aure a Agadas ya san abin da nake nufi. Ana shimfiɗa darduma a fili, a ja janareta can gefe a ɗaure masa waya mai faci uku. Lasifikar ta sha rana ta sha ƙura, tun kafin a taɓa jita tana gurnani. Mai kiɗa zai murɗe ta har ƙarshe, don sai ta rinjayi janareta da baburan samari da guɗar mata. Mai ganga yana gudu kamar ana bin sa bashi, 'yan rawa suna shiga fili bibbiyu, ƙura na tashi, ana liƙa kuɗi a rawani. Sautin nan mai tsatsa da kaushi da ake cewa na Turawa ne, a irin wannan fili aka haife shi, daga lasifikar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta. A nan Mdou ya yi suna kafin wani ɗan jarida ya iya rubuta sunansa daidai. Babu amaryar da za ta yarda a zo mata biki da jitar katako ana raɗa.

Masu maganar gargajiya kuma su tsaya mu yi lissafi. Kayan kiɗan Abzinawa na kaka da kakanni su ne tende, turmin da ake rufe wa baki da fata mata su buga, da imzad mai tsirkiya ɗaya irin gogenmu, wanda shi ma mata ke ja, da tehardent ɗan'uwan molo da ke hannun maƙera, wanda ake kiɗan takamba da shi. Jita ba ta cikin wannan jeri, ko mai wuta ko marar wuta. Baƙuwa ce da ta shigo ta hannun samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980, su Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, da Abdallah Oumbadougou a ɓangaren Nijar, wanda ganin wasansa ne ya sa wa Mdou sha'awar abin. To in duka biyun baƙi ne, wa ya naɗa ta katako sarautar gargajiya? Shi kansa Mdou jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, a gidan da ba a son jin zancen kiɗa. Yaron da ya yi wannan ba kewar katako yake ba. Da ya samu Fender, bahagon hannunsa bai sake waiwaye ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda masu wannan ra'ayi ke tsallake faifansa na farko kamar ba a yi shi ba. Anar, a 2008, a Sakkwato aka naɗe shi. Sakkwato tamu. Da gangar kwamfuta, da muryar da na'ura ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na wancan zamani. Waƙoƙin nan ba kamfani ne ya yaɗa su ba. Daga waya zuwa waya suka bi ta Bluetooth da katin memori, a tasha da kasuwa da bayan manyan motoci, har suka kai Mali, inda Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tsinci "Tahoultine" ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones. Wato abin da ya fara fitar da mutumin nan duniya shi ne kiɗan na'ura na situdiyon Hausa. In tushe ake nema, ga tushe nan. Me ya sa ba a cewa ya koma can?

Na san dalili, domin tsohuwar rigima ce, kuma da mu aka yi ta. Mutanen nan su ne dai waɗanda suka shekara ashirin suna kuka wai fiyano ta kashe waƙar Hausa. Kowane taro sai an tashi an yi ta'aziyyar kalangu. A ce tun da Shata ya rasu a 1999 ba a sake waƙa ba, yaran Kano sun lalata komai da kwamfuta. Mutumin da ba shi da kaset ɗin Shata ko ɗaya a gidansa, wanda da 'yarsa za ta ce za ta auri makaɗi sai ya suma, shi ne zai hau mumbari yana kare martabar kalangu. Lokacin da makaɗan nan ke raye ana kiran su maroƙa, ana hana yara zama kusa da su. Da suka mutu sai suka zama al'ada. Kuma a tambaye su da me ake yin kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi. Gwangwanin kifi ne ake rufewa da fata. Gwangwanin da jirgi ya kawo. Makaɗin ƙasar nan bai taɓa tambayar asalin abu kafin ya sa shi ya yi magana ba, masu tsaron al'ada ne kullum suke zuwa daga baya da takardar shaidar haihuwa.

Na ƙetare su ma halinsu ba sabo ba ne. Tinariwen sun yi Amassakoul a 2004, sun yi Aman Iman a 2007, sun yi Imidiwan a 2009, duka da jitar lantarki. Ba a ba su Grammy ba sai da suka je hamadar kudu maso gabashin Aljeriya wajen Djanet suka zauna da jitar katako suka yi Tassili, aka miƙa musu kyautar a 2012. Kowa ya fahimci darasin. Ana son Ba'abzine a zaune a kan yashi, ga wuta ana hurawa, ga butar shayi, ga raƙumi a bayan hoto. In ya miƙe tsaye ya taka na'urar ƙara sauti sai a rasa inda za a ajiye shi, sai a laƙaba masa "Hendrix na Sahara". Na tsani wannan laƙabi. Mutum ya ɗauki takamba ya ninka mata gudu, yana zazzaga yatsu a kan tsirkiya yadda babu wanda ke yi a duniya, amma ba za a iya yaba masa ba sai an aro sunan wani mamaci daga Seattle. Da Nirvana suka zauna suka yi wasansu na MTV Unplugged a 1993, wa ya ce sun koma al'adar kakanninsu? An ce sun gwada wani abu daban, aka wuce wurin. Mu ne kawai in muka kashe wuta ake cewa mun dawo hayyacinmu.

Maganar wutar ma ba ta wasa ba ce. Daga farkon shekarun 1970 an shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa tana haska biranenta, alhali galibin gidajen Nijar har gobe da fitilar hannu ake kwana. Wutar da Yamai ke samu ma a da mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya ga yadda aka datse ta a Agustan 2023 da sunan takunkumin ECOWAS, talaka ya kwana cikin zafi saboda rigimar da ba shi ya haɗa ta ba. Mdou ya sha faɗin wannan zalunci, tun a faifan Afrique Victime na 2021. Ɗan wannan ƙasa ya samu wuta ya jona jitarsa, ya murɗe ta har bango na rawa a manyan zaurukan Turai da Amurka, sannan wani ya zo yana shafa masa kai yana cewa ai ka fi kyau ba wuta. A ce ba a ji abin da ke cikin wannan magana ba?

Za a ce ai shi ma yana kaɗa ta katako a gida, kuma ya yi faifan Sousoume Tamachek a 2017 cikin sanyi. To, sai me? Kowane makaɗi yana da abin da yake taɓawa in ya zauna da abokai. Za a ce a sabon faifan an fi jin kalmomin. Su wa ke jin su? Masu yabon nan da ba su san ko gaisuwa da Tamashek ba? Wanda ya damu da kalmomi ya nemi fassara, tana nan. Za a kuma ce su da kansu suka zaɓi yin faifan, ba wanda ya tilasta musu. Na yarda, kuma ban zarge su ba. Mutanen da aka rufe wa ƙasa suna da ikon yin kuka yadda suka ga dama. Faɗana da masu tafi ne, waɗanda suka ga mutum cikin makoki suka ce yawwa, haka muke son ka, zauna a nan kada ka tashi.

Funeral for Justice, wanda kamfanin Matador ya fitar a watan Mayun 2024, shi ne babban aikin ƙungiyar nan, kuma an gama naɗarsa tun kafin juyin mulki, tun kafin sojan Faransa na ƙarshe ya fice daga Nijar a Disambar 2023. Ya faɗi abin da ke cikin zukatan mutane lokacin da faɗinsa ke da tsada, kuma ya faɗe shi da ƙarfin da ya dace da shi. Tears of Injustice rataye ne a jikinsa. Wanda ya fifita ratayen a kan uwar, kunnensa ne ba ya son a tashe shi, sai ya fake da al'adar da ba tasa ba.

Saƙona ga Mdou da Ahmoudou da Souleymane da Mikey gajere ne. Mun ji, mun gode, Allah Ya ƙara basira. Faifai na gaba a jona waya, a ƙure lasifika, a bar Souleymane ya yi gudunsa. Masu neman abin da zai sa su barci ba su rasa inda za su same shi ba, kasuwa cike take da shi.