Wanda ya ba ka gudummawa bai sayar maka da lambarsa ba



A Amurka akwai wata masifa da kan samu mutum don kawai ya yi abin da yake ganin alheri ne. Ɗan takara ya burge ka, ka tura masa dala goma ta intanet (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba). Daga ranar nan salularka ta shiga uku. Saƙo da asuba, saƙo da tsakar dare, daga ƴan takarar da ba ka taɓa jin sunansu ba, na jihohin da ba ka taɓa takawa ba. Wannan ya ce saura awa uku a rufe asusu. Wancan ya ce an duba rajista an ga kai kaɗai ne ba ka biya ba. Wani ya ce duk dalar da ka bayar yau za a ninka ta sau biyar. Ka amsa da STOP, lambar nan ta yi shiru, gobe wata sabuwa ta taso.

Ina so mu duba yadda abin ya kai haka, saboda mu ma nan, daga Maraɗi zuwa Yamai, karo-karo muke yi a waya kullum. Matsayina a fili yake: mai ƙaramar gudummawa ya cancanci rufin asiri, mai babbar dukiya da ke neman sayen siyasa shi ya kamata a haska wa fitila. A Amurka abin ya kusa juyewa, kuma mu ma mun kama hanyar.

Bayan abin kunyar Watergate, wanda ya kai shugaba Nixon ga murabus a 1974, Amurkawa suka ƙarfafa dokar kuɗin zaɓe, suka kafa hukumar FEC a 1975. Dokar ta ce duk wanda gudummawarsa ga ɗan takarar tarayya ta wuce dala 200, dole a rubuta sunansa, adireshinsa, sana'arsa da wurin aikinsa, a miƙa wa hukuma, kowa kuma yana iya dubawa. Niyyar mai kyau ce: a san wa ke ciyar da wa. A lokacin, sai ka nemi takardun ka zauna kana buɗa su shafi-shafi. Yau kuwa ka rubuta sunan maƙwabcinka a shafin hukumar, cikin daƙiƙa kaɗan ka ga wa ya ba kuɗi da nawa ya bayar.

Har ila yau, yawancin ƙananan gudummawa yanzu suna bi ta dandali biyu ne: ActBlue na ɓangaren Demokrat, wanda aka kafa a 2004, da WinRed na Ripablikan, wanda ya zo a 2019. Da yake doka na kallon su a matsayin ƴan tsakiya masu miƙa saƙo, suna kai rahoton kowace gudummawa komai ƙanƙantarta. Ke nan malamar makarantar da ta ba da dala biyar, sunanta na nan a intanet tare da garinta da wurin aikinta, kuma ba ranar gogewa.

Dokar ta hana a kwashi sunaye daga rahoton FEC a yi roƙon kuɗi da su. Har an yarda kwamitin ɗan takara ya cusa sunayen bogi guda goma cikin rahotonsa, don in wasiƙar roƙo ta iso wa sunan bogi a gane ɓarawo. To amma jerin sunayen da ɗan takara ya tara da kansa, wannan dukiyarsa ce. Yana iya ba da hayarsa, ya yi musaya da wani, ko ya sayar bayan ya faɗi zaɓe don ya biya bashi. Masu bincike a jami'ar Princeton sun tattara imel na siyasa kimanin dubu 300 a zaɓen 2020. Dabararsu ita ce kowane ɗan takara su ba shi adireshin imel na daban, don in wani baƙo ya rubuto ta wannan adireshi su san wa ya yi tsegumi. Sun ga adireshi na yawo daga hannu zuwa hannu, sau da yawa ba tare da an gaya wa mai shi ba, kuma sun ga yaudara da firgitarwa sun zama al'ada a saƙonnin ɓangarorin biyu.

Ina dokar da za ta kare mutum? Amurka na da rajistar "kar a kira ni" tun 2003, amma kiran siyasa ba ya ciki. Dokar hana tarkacen imel ta 2003 ta shafi saƙon kasuwanci ne. Dokar 1991 ta hana na'ura ta riƙa jefa saƙo a salular mutum ba da izininsa ba, sai aka ɗauki mutane suna zaune suna danna "tura" da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sau dubbai a yini. Waɗanda ke rubuta dokokin nan su ne masu cin moriyar saƙonnin, don haka kada ka yi mamakin inda aka bar ƙofa a buɗe.

Abin bai tsaya ga damuwa ba, ya kai ga aljihu. A Afrilun 2021 jaridar New York Times ta fallasa yadda kwamitin yaƙin neman zaɓen Donald Trump ya riƙa sa wani ɗan akwati a shafin biyan kuɗi, an riga an yi masa alamar amincewa. In ba ka lura ka cire alamar ba, gudummawar da ka yi niyyar bayarwa sau ɗaya za a riƙa cire ta daga katin bankinka duk wata, daga baya ma duk mako. Kuɗin da ɓangaren Trump da jam'iyyarsa suka mayar wa masu bayarwa ta intanet a 2020 ya haura dala miliyan 122, wato sama da miliyar 60 na sefa. A watan Mayun 2021 kwamishinonin FEC shida, baki ɗaya, suka nemi majalisa ta haramta wannan akwati, wanda ƴan Demokrat ma sun yi amfani da shi. A 2024 tashar CNN ta nuna yadda tsofaffi masu ciwon mantuwa suka zubar da ajiyar rayuwarsu ta wannan hanya, suna zaton ɗan takarar ne da kansa ke rubuto musu.

Sai kuma haɗarin da ya fi asarar kuɗi. A 1956 jihar Alabama ta matsa wa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ta miƙa sunayen mambobinta. A wancan zamani, fitar sunanka na nufin kora daga aiki, ko a ƙona maka gida. Ƙungiyar ta ƙi, aka ci ta tarar dala dubu 100, ta tsaya kan bakanta har Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 1958. Kotun ta gane cewa in ba za ka iya shiga ƙungiya cikin sirri ba, to ƴancin shiga ƙungiyar ma ya zama na baka. A Kanada, maƙwabciyar Amurka, a Fabrairun 2022 masu kutse suka fasa dandalin GiveSendGo suka watsa sunayen dubban mutanen da suka taimaka wa zanga-zangar direbobin manyan motoci. Wata ma'aikaciyar gwamnatin Ontario ta rasa aikinta a kan dala 100. Ba sai ka goyi bayan waccan zanga-zangar ba kafin ka ga aibin abin. Wuƙar da ta yanki wanda ba ka so yau, tana nan da kaifinta ranar da za a zo kanka.

Shi kuwa babban attajiri fa? Tun hukuncin Citizens United na 2010, kamfanoni da ƙungiyoyi na iya kashe kuɗi ba iyaka wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, muddin ba hannunsa suka miƙa wa kai tsaye ba. Attajiri sai ya zuba miliyoyi cikin irin ƙungiyar da doka ba ta tilasta mata bayyana masu ba ta kuɗi ba, ita kuma ta sayi talla. Mai dala biyar na tsirara a kasuwa, mai miliyan biyar na cikin zaure an sakaya labule.

Na san wani zai ce: "Kai malam, mu da jam'iyyun ma an rushe su tun Maris na 2025, ina ruwanmu da ActBlue?" Ruwanmu na nan cikin aljihunka. Buɗe WhatsApp ka ƙirga gurup nawa kake ciki da ake karo-karo: na tsofaffin ɗalibai, na ƴan unguwa, na fada, na taimakon mara lafiya, na waɗanda ambaliyar 2024 ta rushe wa gidaje. Yaya ake yi? Ka tura jikka biyu, ka ɗauki hoton resi ka jefa a gurup mai mutum ɗari biyar. Resin nan na ɗauke da cikakken sunanka da lambarka. Da yamma ma'aji ya fitar da jeri: wane jikka goma, wance jikka ɗaya, wane bai ba da komai ba tukuna. Kafin sallar isha jerin ya ƙetara zuwa gurup uku da ba ka san da su ba. Ku tuna kuma layin waya a ƙasar nan da katin shaida ake yi masa rajista, lambarka tamkar sunanka ce.

Abin da ke biyo baya mun san shi. A wayi gari an tsunduma ka cikin sabon gurup ba sallama. Wanda aka gani ya ba da jikka hamsin, roƙo ya yi masa rubdugu har ya daina ɗaga waya. Ƴan mata kuwa su suka fi shan wahala: yarinya ta taimaka wa marayu, sakamakonta kiran dare daga wanda ba ta sani ba. Ɗan damfara ya samu suna da lamba da shaidar cewa kana da taushin zuciya, me ya rage masa? Wanda bai da hali kuma, ganin sunansa a ƙasan jeri ya sa gobe ba zai sake shiga ba. Ranar da harkar zaɓe ta dawo, waɗannan jerin sunayen su ne hajar farko da ƴan siyasa za su nema, kuma za a samu admin da zai sayar.

Akwai abin da ya fi wannan. Ƙasarmu ta ga juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Abin da ake yaba maka a kansa bana yana iya zama abin tuhuma baɗi, jerin suna kuwa ba ya tsufa a cikin waya. Duk ƙungiyar farar hula da ke ajiye sunayen masu taimaka mata ba tare da kulawa ba, tana wasa ne da lafiyar mutanen da suka amince da ita.

Masu fitar da jeri suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Sau nawa aka tara kuɗi ma'aji ya yi sama da faɗi da su? Bayyana sunaye na sa kowa ya ga kuɗinsa sun shiga. Ga al'ada kuma: a wurin biki maroƙi kan ɗaga murya ya faɗi abin da wane ya bayar, mai bayarwa ma na jin daɗi. Sai dai shelar maroƙi iska ke tafiya da ita kafin a watse, kuma maroƙi ba ya faɗin lambar wayarka. Sannan in ana tsoron ɓarna, wanda ya riƙe kuɗin shi ke da bayanin da zai yi. A tambaye shi nawa ya shigo, nawa ya fita, ina resin siminti, ina na magani. Ana iya yin duk wannan ba tare da an tallata ko mutum ɗaya ba.

Ga abin da nake kira ga ƙungiyoyinmu da admin-admin ɗinmu su ɗauka tun yanzu. Resi a tura wa ma'aji shi kaɗai, kada a jefa a gurup. Kowane mai bayarwa a ba shi wata lamba ta sirri, jerin da za a fitar ya nuna lambar da adadin kuɗin, kowa ya duba ya ga nasa, jimla kuma ta fito daidai. Mutum biyu ko uku da aka zaɓa su riƙa duba littafin gaskiya mai sunaye. Wanda ke son a ambaci sunansa ya faɗa da bakinsa, shiru ba izini ba ne. Lambar da aka karɓa don ambaliya, ambaliya kaɗai za ta yi wa aiki: ba a ba ɗan siyasa, ba a ba ɗan kasuwa, ba a ba ƙungiyar aboki. In aiki ya ƙare a goge. Wanda ya ce a daina turo masa saƙo, a daina, kada a bi shi da "haba ɗan uwa".

Iyaka ɗaya zan sa. In gudummawa ta yi girman da za ta iya juya akalar ƙungiya, ko ta fito daga mai riƙe da muƙami, ko mai neman kwangila, ko wata ƙungiyar waje, to mambobi su san sunan. A rubuta adadin da za a fara bayyanawa daga kansa cikin dokokin ƙungiya, kowa ya sani tun kafin ya bayar.

Wannan ba alfarma ba ce za mu yi wa mutane. Nijar na da dokar kare bayanan sirri tun 2017, an sabunta ta a 2022, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP alhakin kula da ita. Suna da lambar waya na cikin abin da dokar ke karewa, kuma ƙungiya ma dokar ta hau kanta kamar yadda ta hau kan kamfani. Mu da ke neman hukumomi su mutunta doka, bai kamata a same mu muna taka wannan a cikin gurup ɗinmu ba. Addini ma ya yabi sadakar ɓoye tun kafin a ƙera salula, kuma iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amurkawa sun bari sai da jerin sunaye ya zama kasuwa, yanzu masu cin ribar kasuwar ne ake roƙo su rufe ta. Mu tamu ba ta kafu ba tukuna, gyaran bai wuce shawarar admin da ma'aji ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ka tura wa ma'ajin gurup ɗinku wannan rubutu, kuma karo-karo na gaba, kafin ka tura ko dala ɗaya, ka tambaya: wa zai ga sunana, kuma ina lambata za ta kwana?

Allah ya rufa mana asiri, ya saka wa masu bayarwa da alheri.