Albashi Daban, Ci Gaba Daban



Tun da Gwamna Nasir Idris ya mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 75,000 a 2024, iyayenmu a Argungu ba su da huɗuba sai ta mu kama aikin ofis mu zauna. Ba mu raina albashi da fansho da inshorar lafiya ba. Wanda ya taɓa jinya aljihu wayam ya san darajarsu.

To amma da me ake biya? Oga ya tsaya maka a ka, wasiƙar layi uku ya gyara ta sau biyar, fita salla ma sai da izini. Shekara biyar a haka, jimla ɗaya ba za ka rubuta ba sai ka waiga. Marubuci kuwa in ya saba waige, alƙalaminsa ya dakushe.

Sannan mu 'yan kwalejin fasaha, ko HND muka kai, mataki na 14 ake tsayar da mu a aikin gwamnati. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke bambancin a 2021, shugaban ƙasa bai sa hannu ba.

In yunwa ta matsa, mu karɓi aikin, amma mu ɗiba masa wa'adi. Kifin kiwo yana ƙoshi, sai dai bai san Matan Fada ba.